Ma'anar burbushin halitta da yadda ake sanya wa manyan dodannin koɗin teku suna

Burbushin halitta shi ne abin da ya rage na jikin dabba ko tsiro, ko sawunsa, bayan laka ta binne shi ta daskare ta zama dutse. A wajen dodon koɗi, katantanwa ce kawai ke tsira, domin naman yakan ruɓe cikin 'yan kwanaki. Wuri, kuɗin da aka yi ciniki da shi a Kasuwar Kurmi a da, shi ma ɓawon wani dodon koɗin teku ne, sai dai bai wuce kan yatsa ba.

Daga cikin mafiya girma akwai wanda masana ke kira Campanile giganteum, wanda ya rayu kimanin shekaru miliyan 45 da suka wuce, lokacin da teku mai ɗumi ta mamaye yankin da birnin Paris yake a yau. Katantanwarsa doguwa ce mai tsini, murɗi bisa murɗi kamar hasumiya, kuma takan haura rabin mita. Sunan Campanile kansa daga Italiyanci yake, ma'anarsa hasumiyar ƙararrawa.

Suna biyun nan bin tsarin da masanin halittu ɗan Sweden, Linnaeus, ya kafa ne, wanda aka ɗauki 1758 a matsayin mafarinsa ga dabbobi: na farko na dangi, na biyu na jinsi, kusan kamar sunan gida da sunan yanka. Wahalar ita ce babu nama balle ƙwayar gado da za a auna, don haka mai rarrabewa yakan dogara da yawan murɗi, da ƙulle-ƙullen bayan ɓawo, da siffar baki, da tudun da ke jikin ginshiƙin ciki. A ganina nan ne aikin ya fi rauni, domin dabbobin da ba su haɗa kaka ba sukan yi kama idan rayuwarsu iri ɗaya ce. Lamarck, masanin halittu ɗan Faransa da ya bayyana wannan babban dodon koɗi a 1804, cikin dangin Cerithium ya sa shi, sai daga baya aka ware masa nasa. Jinsi guda ne ya rage a raye cikin dangin, a gaɓar kudu maso yammacin Ostareliya, kuma da shi ake gwada na dutsen.

Ƙasar birnin Kano kan tsohon dutse mai tauri take, ba a samun irin wannan burbushi a cikinsa. Ɗalibin da ke son riƙe shi a hannu sai ya nufi Sakkwato, inda dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi, ke ɗauke da ɓawon halittun tekun da ta taɓa ratsa Sahara.