Yafewar mai ƙara ba ta kashe shari'ar laifi

A Zinder an saba: yaro ya yi sata ko ya sari wani, dangi su taru, a kai maganar wurin mai unguwa ko fadar Sarkin Damagaram, wanda aka cuta ya ce ya yafe. Sai a zaci gobe za a buɗe gidan kaso. Dokar Nijar ba haka ta tsara ba.

Laifi guda yana haifar da ƙara biyu. Ta farko ta al'umma ce, tana hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati, shi ke neman a yi hukunci. Ta biyu ta wanda aka cuta ce, ita ce neman diyya: kuɗin asibiti, kuɗin babur ɗin da aka sace. Wanda ya janye, haƙƙinsa kaɗai ya bari. Mai gabatar da ƙara na iya rufe maganar tun tana gabansa, amma idan takardu sun isa hannun alƙali mai bincike ko kotu, sai alƙali ya yanke. Ikon sasantawa na sarakai kuwa ya tsaya ga rigingimun gona, aure, gado da bashi. Laifuffuka kaɗan ne, irin ɓata suna, janyewa ke kashewa.

Duk da haka yafewa na da amfani, alƙali kan duba ta ya sassauta, har ya jingine ɗaurin. Inda ake asara shi ne a biya wanda aka cuta diyya, misali jika ɗari biyu, da baki kawai. A rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu, a kai ta kotu kafin ranar zama.