Ɗan Daba a Ɗakin Atisaye: Tambayoyi da Amsoshi Kan Fim Ɗin Bullets Over Broadway

Wane irin fim ne wannan?

Fim ne na barkwanci da ta'addancin 'yan daba wanda ya fito a Amurka a 1994. Woody Allen ne ya ba da umarni, shi da Douglas McGrath suka rubuta labarin, amma bai fito a cikinsa ba. Labarin yana faruwa ne a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan daɓe ta birnin New York, a 1928, lokacin da aka haramta sayar da giya a Amurka. Dokar ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933, ita ce kuma ta azurta gungun 'yan fasa-ƙwauri har suka mallaki gidajen rawa, suna neman inda za su zuba kuɗi.

Me ya haɗa 'yan wasa da 'yan daba?

Talauci. David Shayne, wanda John Cusack ya fito a matsayinsa, matashin marubucin wasan daɓe ne mai ji da kansa, ga rubutu a hannu, babu mai ɗaukar nauyi. Sai furodusansa ya samo kuɗi wajen Nick Valenti, uban 'yan daba. Sharaɗin Nick ɗaya ne: a saka budurwarsa Olive. Ita kuwa Olive 'yar rawa ce mai murya kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, ba ta iya furta manyan kalmomi, kuma likitar ƙwaƙwalwa aka ba ta ta fito. David ya yi ta kumfar baki kan mutuncin fasaha, daga bisani ya karɓi kuɗin.

Sauran 'yan wasan ma kowa da lalurarsa. Helen Sinclair tsohuwar tauraruwa ce da kasuwarta ta ci ta watse, ta koma ga kwalba, amma har yanzu tana tafiya kamar duniya na jiran ta. Duk lokacin da David zai buɗe baki ya bayyana mata ƙauna, sai ta toshe masa baki da tafin hannu ta ce kada ya yi magana. Warner Purcell kuma ya zo atisayen farko yana ruwan zafi da lemon tsami wai yana rage ƙiba, kafin a kai ga ranar buɗe wasa tufafin sun daina shigarsa.

To ina abin dariyar ya fi ƙarfi?

Wajen Cheech, ɗan daban da Nick ya turo ya tsare Olive. Aikinsa ya zauna can bayan ɗaki da jarida yana sa ido. Kwana da kwanaki yana jin ana maimaita layuka, har ya gaji ya ce mutane ba haka suke magana ba. Ya ba da shawarar gyara, 'yan wasa suka ga ta fi ta marubucin. Daga nan David ya koma bin sa a ɓoye wurin buga sunuka, Cheech na faɗa yana rubutawa, har wasan ya zama na Cheech, sunan David kawai ke kai.

A ganina nan ne fim ɗin ya wuce sa'o'insa. Yawancin irin waɗannan finafinai ɗan daba ne ke tsoratar da mai fasaha, dariyar ke nan. A nan an juya abin: mai baiwar shi ne mai kisan, wanda ya yi boko kuma ɗan kwaikwayo ne kawai. Abokan David sukan zauna a shagon shayi suna musu cewa mai fasaha ba ya ƙarƙashin dokar da ta hau kowa. Su a baki suke faɗa. Cheech da bai taɓa jin musun ba shi ya aikata: da ya ga Olive na lalata masa wasa, ya kai ta bakin ruwa ya harbe ta. Mai kallo zai yi dariya, sannan jikinsa ya yi sanyi.

Yaya aka ƙare?

Nick ya gano. Yaransa suka harbe Cheech a bayan dandali daren buɗe wasa a New York, masu sharhi kuma suka ɗauka ƙarar bindigar cikin wasan take, suka yaba. Cheech yana gargarar mutuwa ma gyaran layin ƙarshe yake bayarwa. David ya yarda cewa shi ba mai fasaha ba ne, ya nemi tsohuwar budurwarsa Ellen su koma gida.

Ana kiransa fim mai zaman kansa, wato wanda ba babban kamfani ne ya shirya ba. Da gaske ne?

Ta fuskar kuɗi, e. Kamfanin Sweetland Films ne ya ɗauki nauyinsa, ba ɗaya daga manyan kamfanonin Hollywood ba. Sai dai Miramax da ya rarraba shi, Disney ta riga ta saye shi tun 1993. Saboda haka 'yancin a wajen shiryawa yake, wajen kai shi kasuwa akwai babban hannu a baya.

Ya samu karɓuwa?

An tsayar da shi takarar Oscar a rukuni 7, ya ci ɗaya. Dianne Wiest ce ta ɗauka da rawar Helen, karo na biyu ke nan da ta ci kyautar, duka a finafinan Allen. Jennifer Tilly da ta fito a Olive da Chazz Palminteri da ya fito a Cheech duk sun shiga takara. A 2014 an mayar da shi wasan waƙe-waƙe a Broadway ɗin kanta, amma 'yan watanni ya yi aka rufe.

Me ya sa Palminteri ya dace da Cheech haka?

Rayuwarsa ce kusan. A unguwar Bronx ya tashi yana ganin irin mutanen nan da idonsa, ya daɗe yana fafutukar neman rawa yana gadin ƙofar gidan rawa don ya ci abinci. Da ya ga ba mai ba shi, ya rubuta wa kansa wasan mutum ɗaya mai suna A Bronx Tale, ya kuma ƙi sayar da labarin sai in shi zai fito a ɗan daban. Robert De Niro ya yarda da sharaɗin, ya mayar da shi fim a 1993, shekara guda kafin Palminteri ya fito a Cheech.