Me ya sa sai lauya ke shugabantar kotun ƙorafin tallafi a Birtaniya?

Idan ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya, wadda aka fi sani da DWP, ta hana mutum kuɗin tallafi ko ta rage masa, magana ba ta ƙare ba. Da farko zai nemi ma'aikatar ta sake duba hukuncinta, matakin da ya zama dole tun 2013. In ta kafe, yana da wata ɗaya ya kai kuka gaban wata kotu ta musamman, kuma ba a biyan ko sisi. Ba irin kotun da muka saba gani ba ce. Ɗaki ne da tebur, babu akwatin tsayuwar mai laifi, babu alƙali mai hular gashi. Amma mutumin da ke jagorantar zaman, doka ta ce sai masanin doka.

Da ba haka abin yake ba. A shekarun 1970 ƙorafin masu neman tallafin talauci yana zuwa ne gaban kwamitocin da galibin shugabanninsu ba lauyoyi ba ne, mutanen gari ne masu mutunci. A 1975 Farfesa Kathleen Bell ta fitar da rahoton da ya soki yadda suke aiki. Aibin irin wannan tsari a bayyane yake: wanda bai san doka ba, in jami'in ma'aikata ya zo da takardu yana jero sassa da lambobi, zai yi wuya ya musa masa. Wata dokar 1983 ta haɗe waɗannan kwamitocin da sauran kotunan ƙorafin tallafi, ta kuma wajabta shugaba ya zama lauya. Tsarin da ake bi yanzu ya fito ne daga dokar kotuna ta 2007, ya fara aiki a Nuwamba 2008, kuma tun daga nan ake kiran shugaban zaman alƙali.

To, wa ya cancanta? Lauyan da ya yi aƙalla shekara 5 da samun lasisi, kuma ya shafe shekarun yana aikin doka, ba wai ya rataye takarda a bango ba. Koyar da doka ma ana lissafa ta. DWP ba ta da ta cewa a zaɓen, kuma nan ne gishirin maganar, domin barin wadda ake ƙara ta zaɓi alƙali tamkar ba kura ajiyar nama ne. Hukumar zaɓen alƙalai mai zaman kanta, wadda ta fara aiki a 2006, ita ke tallata gurbi, ta yi jarrabawa, ta gana da masu nema, ta binciki halinsu, ta zaɓa bisa cancanta. Babban shugaban kotunan musamman ne ke yin naɗin. Wanda aka naɗa yakan yi rantsuwa irin ta sauran alƙalai, ba a tsige shi sai kan rashin ɗa'a ko gazawa, kuma yana ritaya a shekara 75. Wasu aikinsu ke nan, wasu kuma sukan zauna kwanaki kaɗan a wata, su koma aikinsu na lauya.

Ba kullum yake zama shi kaɗai ba. A ƙarar tallafin naƙasa da ake kira PIP, mutum uku ne: alƙali, likita, da wani mai masaniya kan rayuwar naƙasassu, ko shi kansa naƙasasshe ne ko ya daɗe yana hidimarsu. A batun ko mutum zai iya aiki, alƙali ne da likita. Sauran ƙararraki alƙali kaɗai. Hukunci na masu rinjaye ne, saboda haka sauran biyun na iya kayar da ra'ayin alƙalin.

Wani zai ce, tunda ga likita, me lauya zai ƙara? Mu ɗauka wata baiwar Allah ce mai ciwon gwiwa. An tambaye ta ko tana iya dafa abinci, ta ce e, sai aka ba ta maki kaɗan. A PIP sai da maki 8 ake samun ƙaramin kaso, 12 kuma babba. Abin da ba ta sani ba shi ne, a doka, kalmar iyawa tana da sharuɗɗa: ta yi abin ba tare da haɗari ba, ta yi shi yadda ya kamata, ta iya maimaitawa, kuma kada ya ɗauke ta fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya. Alƙalin da ya san aikinsa zai tambaye ta: in kin tsaya gaban tukunya minti goma, me ke biyo baya? Kin taɓa ƙonewa? In kin yi girkin rana, kina iya na dare? Haka tafiya: bambancin mita 20 da mita 50 kan sauya kuɗin da za a ba mutum. Likita ya san ciwo, amma ɗora ciwon a ma'aunin doka aikin alƙali ne.

Ni a ganina babban dalilin ma bai wuce wannan ba: mai ƙara yawanci ba shi da lauya. Tun Afrilu 2013 aka janye tallafin lauya kyauta daga galibin ƙararrakin tallafi a Ingila da Wales. Don haka kotun ba ta zuba ido tana kallon kokawa tsakanin talaka da ma'aikata, ita ce ke tono gaskiya da kanta. Mutanenmu da ke can su lura da wannan, don mu masu kawaici ne. A tambaye ka jiki ka ce da sauƙi ko kana nishi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda Turanci bai zauna masa ba ya nemi tafinta tun a takardar ƙara, kotu ce ke kawowa kyauta. Sai dai masu biza da yawa an hana su taɓa tallafin gwamnati, su wannan ƙofa ba tasu ba ce. Scotland da Ireland ta Arewa kuma suna da nasu tsarin a wasu tallafin.

Alƙalin ba lauyan mai ƙara ba ne, kada a ruɗe. Kotun na iya rage abin da aka riga aka ba mutum, kodayake ya kamata ta gargaɗe shi tukuna. Kuma halin da yake ciki ranar da ma'aikata ta yanke hukunci take dubawa. In ciwo ya tsananta daga baya, sai ya sake nema ko ya sanar da sauyin.

Wanda bai gamsu ba yana da wata ɗaya ya nemi a rubuto masa cikakkun dalilan hukuncin, kuma alƙalin ne ke rubutawa. Da wannan takarda ake zuwa kotu ta sama, wadda ba ta sauraron cewa hukunci bai yi daɗi ba, sai a nuna mata inda aka kuskure doka: an karanta sashe ba daidai ba, an yi watsi da hujjar da ke gaban kotu, ko ba a bayyana dalili yadda mai ƙara zai gane abin da ya kayar da shi ba.