Faɗan Jackie Chan da na su Captain America: Wanne Ido Ya Fi Yarda da Shi?

Musun ya taso ne a teburin mai shayi a Tudun Wada, bayan sallar isha'i. Ɗan yayana da ya gama sakandare bana ya dage cewa fina-finan Chanis na da wasan yara ne, faɗa na sosai yana wurin su Captain America, jaruman fina-finan kamfanin Marvel na Amurka. Mu da muka taso muna tara 'yan kuɗinmu don shiga gidan kallo a Kawo, a zamanin kaset, muka ce ba mu san zancen ba. Ga tambayoyin da shi da abokansa suka yi ta jefo mini a daren, da amsoshin da na ba su.

Kawu, a cikin biyun wanne ya yi kama da faɗan gaske?

Babu ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san haka. 'Yan dambe kan daɗe suna zagaya juna, hannun da aka ɗaure da zare yana baya, ɗayan yana gaba a matsayin garkuwa, kowa na auna ɗan'uwansa. Sai naushi ɗaya ko biyu a yi kisa, mutum ya kai ƙasa, makaɗa su ɗauka. Faɗan titi kuwa shaƙe wuyan riga ne da kokawa da haki, kafin minti biyu an raba. Wanda ake yi a fim, na minti biyar ko goma, shiryayye ne kamar rawa, kowane taku an ƙirga shi. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne wanne ne mai kallo ke jin nauyinsa a jikinsa.

To me ya sa kuke fifita na Jackie Chan?

Saboda jikin da kake gani shi ne ya yi aikin, kuma an bar ka ka gani.

An haifi Jackie Chan a Hong Kong a 1954. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar wasan gargajiyar Sin da ke Hong Kong, ya yi shekara goma ana horar da shi a kan tsalle, alkafura, faɗuwa da sarrafa makami. Tare suka yi da Sammo Hung da Yuen Biao, waɗanda su ma suka zama jaruman fim. Bayan rasuwar Bruce Lee a 1973 masu shirya fim sun so su mai da shi magajinsa, abin bai karɓe shi ba. Sai a 1978, da Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master, ya gano hanyarsa: jarumin da ake duka. Idan ya naushi mutum sai ya yarfe hannu don zafi. Idan mutum biyar suka taso masa yakan nemi hanyar gudu tukuna, in ta ƙi ya rarumi benci ko tsani ko keke. Mu a gidan kallo mun saba cewa akta ba ya mutuwa, amma wannan aktan muna ganin wahala a fuskarsa, shi ya sa hankalinmu ke tashi.

Sai batun kyamara, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. A fina-finansa na Hong Kong ana ja da kyamara baya, ka ga mai duka da wanda ake duka daga kai har ƙafa a hoto ɗaya, kuma ba a yanke hoton sai bugun ya sauka. Wani lokaci ma a wurin tacewa sukan maimaita ɗan guntun bugun daga kusa don ido ya kama shi da kyau. Wannan yana cin lokaci, don sai an yi ta sake ɗauka har motsin ya fita daidai.

Ya kuma biya farashi da jikinsa. A Project A na 1983 ya faɗo daga hasumiyar agogo mai tsayin kusan ƙafa 60, rumfunan yadi ne kawai suka rage masa ƙarfin faɗuwa. A Police Story na 1985 ya sulalo ta jikin wani dogon ƙarfe da aka kewaye da fitilu a cikin babban kanti, tafukan hannunsa suka ƙone. A Armour of God na 1986, a tsohuwar Yugoslabiya, reshen bishiya ya karye da shi, kansa ya bugi dutse, sai da aka yi masa tiyata a ƙoƙon kai. Kurakuran da ake nunawa a ƙarshen fina-finansa shaida ce a kan duk wannan.

Ke nan su Jackie Chan babu dabara a nasu?

Akwai, da yawa ma. Ana ɗaura wa mutum waya a ja shi ya yi sama. Ana zuba hoda a takalmi ko riga don ƙura ta tashi idan bugu ya sauka. Ƙarar naushin duk daga baya ake sa ta. Fim yana tafiya ne a kan hoto 24 cikin daƙiƙa guda, su kuma sukan ɗauka a ƙasa da haka kaɗan, sai motsin ya ƙara sauri idan an kunna. Ba kuma duk fim ɗin barkwancin kunfu ne ke neman kama da gaske ba. Shaolin Soccer na 2001 da Kung Fu Hustle na 2004, na Stephen Chow, cike suke da aikin kwamfuta, mutum na gudu kamar mota. Amma tun farko sun nuna maka tatsuniya ce, kai ma ka karɓe ta a haka.

Mene ne laifin na su Marvel?

Ba rashin gwaninta ba ne, suna da ƙwararrun masu shiga madadin jarumi a wuraren haɗari. Matsalar tana cikin labarin kansa. Idan za a iya maka mutum da gini, ginin ya rushe, shi ya miƙe ya karkaɗe jiki, to wane naushi ne zai sa gabanka ya faɗi? Ga shi yawancin manyan faɗace-faɗacen ana zana su a kwamfuta tun kafin a fara ɗauka, a tsayar da jarumi gaban koren kyalle, daga baya a cike sauran. Inda jarumin bai iya faɗa ba kuma sai a matso da kyamara, a yi ta girgiza ta, a yanka hoton gutsi-gutsi, ka ji ƙara amma ba ka ga inda hannu ya sauka ba.

Black Panther na 2018 ya ishe mu misali, don faɗa mai kama zuciya da na kwamfuta duk suna ciki. Faɗan neman sarauta a bakin ruwa, inda aka ba jarumin, T'Challa, wani abin sha da ya zare masa ƙarfinsa, ya tsaya da mashi da garkuwa kamar kowa, jini na zuba, ya fi kama zuciya nesa ba kusa ba. Har ya tuna mini da filin dambe. Na ƙarshe kuwa, a kan hanyar jirgin ƙasa a ƙarƙashin dutse, hotunan kwamfuta biyu ne ke tsalle cikin duhu.

Ba su da mai kyau ko ɗaya?

Suna da shi. Faɗan cikin lifta a Captain America: The Winter Soldier na 2014 ya yi armashi saboda wurin matsattse ne, kana ganin kowa. Na cikin motar bas a Shang-Chi na 2021 ya fi shi, kuma akwai dalili. Brad Allan, ɗan Ostireliya da ya daɗe a tawagar Jackie Chan, shi ya jagoranci ɓangaren faɗace-faɗacen fim ɗin, ya rasu a watan Agusta na shekarar kafin fim ɗin ya fito. Ka duba yadda jarumin ke faɗa da rigarsa da ƙarafan bas ɗin, za ka gane makarantar da aka fito.

Barkwanci ba ya kashe tsananin faɗan?

A ganina ƙara masa yake yi. Ba za ka yi dariya ba sai ka ga abin da ya faru sarai, shi ya sa dole a nuna komai a fili.

Kawu, mu ma za mu iya koyon irin wannan tsallen?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, don na taɓa ganin yaro a unguwarmu ya diro daga katanga yana kwaikwayon fim, ya yi wata biyu ana kai shi wurin mai ɗori. Wanda kuke kwaikwayo ya yi shekara goma yana koyon faɗuwa kafin ya tsaya gaban kyamara, yana da tawaga a gefensa, duk da haka kansa ya fashe. Na gaya wa ɗan yayana, in da gaske yake, akwai masu koyar da karate da takwando a cikin garin nan, ni zan biya masa kuɗin watan farko. Ya ce sai ya fara ganin Police Story tukuna, muka tsayar da ranar Asabar.