Birki da Daidaito a kan Keke: Tambayoyin Mahaya a Tahoua

Wane birki ya kamata in fara kamawa, na gaba ko na baya?

Duka biyun tare, amma ka sani na gaba shi ke tsayar da keke. Da zarar ka rage gudu, nauyinka yana komawa kan tayar gaba, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa birkin baya shi kaɗai, in an matsa shi da ƙarfi, jan taya yake yi a ƙasa, robar ta cinye, keken kuma bai tsaya da wuri ba. Masu cewa birkin gaba yana kifar da mutum, fizgarsa suke yi lokaci guda. A matsa shi a hankali, a riƙa ƙara ƙarfi, hannaye a miƙe, ɗuwawu a ja baya can ƙarshen sirdi. Kuma kafin ka hau keken da ba naka ba, tura shi da hannu ka gwada ka ga wane hannu ke kama gaba, domin ba duka kekuna aka ɗaura iri ɗaya ba.

To a cikin rairayi fa?

Nan ne ƙa'idar ke juyewa, kuma nan ne mafi yawan faɗuwa take. Bakin kwalta a garin nan ba ya rabuwa da yashin da iska ta kwaso, musamman lokacin hunturu, ga tsakuwa a hanyoyin burji na ƙauyuka. Tayar baya in ta zame ana iya gyarawa, ta gaba kuwa in ta zame sai ƙasa. Saboda haka rage gudu tun kana kan wuri mai tauri. In ka shiga yashin, saki birkin gaba, riƙe kan keken a miƙe, ci gaba da taka feda, kada ka karya kwana. Idanunka su tafi inda kake son zuwa, kamar mita 5 zuwa 10 a gabanka. Mai kallon tayarsa shi ke tangaɗi.

Me ya sa nake tangal-tangal in na zo tsayawa?

Domin kana neman ƙasa da ƙafa kana zaune a sirdi. Sauke feda ɗaya ƙasa, tsaya a kanta, zame gaba daga sirdin, sannan ka dire ɗaya ƙafar bayan keken ya tsaya cak.

Ina ɗauko ruwa a kariyar keke. Akwai bambanci?

Sosai. Jarka mai lita 25 nauyin ruwanta kilo 25 ne, biyu kuwa kamar ka goyo mutum. Keken zai ɗauki nisa kafin ya tsaya, don haka fara birki da wuri. Rataya jarkokin gefe da gefe, ƙasa-ƙasa, nauyi daidai, a ɗaure tam. Jarkar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya haɗari, saboda ruwan yana kai da komo yana jan keken. A gangara irin ta wajen Keita ko Bouza, kada a bari gudu ya taru: in gudu ya ninka, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa.

Yaya zan gane birkina ya lalace?

Matse hannun birkin. In ya taɓa kan keken, waya ta saki, a ja ta. Tazarar robar birki da bakin wili kada ta wuce milimita 2 zuwa 3, kuma robar ta kama ƙarfen, ba jikin taya ba, in ba haka ba za ta huda ta. In tsagogin robar sun shafe, a canza ta. A duba wayar ma: sili ɗaya in ya tsinke, sauran suna hanya. Lokacin sa wa sarƙa mai, a kiyaye kada ya ɗiga a bakin wili. Da damina kuwa, bayan ka ratsa ruwa, ɗan matsa birkin kana tafiya har wilin ya bushe, domin jiƙaƙƙen wili sai ya yi 'yan juyi kafin robar ta kama.

Taka taya da takalmi fa, kamar yadda yara ke yi?

A hana su. Silifa tana shigewa tsakanin taya da ƙarfen keke, yatsu su bi ta. A kai keken wurin mai gyara a sa masa roba da waya sabbi.