Renon Kwikwiyon Ƙananan Karnukan Ɗaki a Saudiyya

Ƙananan karnukan ɗaki su ne nau'o'in kare da aka yi ta zaɓen irinsu, tsara bayan tsara, har girmansu ya tsaya kusa da na mage. Yawancinsu ba sa wuce kilo 3 zuwa 6 ko da sun tsufa. Ba sa farauta, ba sa bin garke, gadinsu kuwa bai wuce haushi ba. Don zaman ɗaki da ɗebe kewa ake ajiye su, shi ya sa Larabawa ke ce musu kilabuz zina, wato karnukan ado. A Saudiyya an fi ganinsu a manyan birane irin su Jidda da Riyad da Dammam, kuma Hausawan da ke can sukan haɗu da su ta hanya biyu: ko dai matasan da aka haifa a ƙasar su sayo, ko kuma a damƙa wa mai aikin gida ko direba kula da na uwar ɗakinsa.

Bahaushe ya san kare da taurin rai. Ya ci ƙanzo, ya kwana a toka, ya wayi gari garau. Wannan sanin ne yake halaka kwikwiyon ɗaki idan aka ɗora shi a kansa, domin shi yunwar wuni ɗaya ko zafin mota na 'yan mintoci ya isa ya kai shi lahira.

Nau'o'i da asalinsu

Mafi ƙanƙanta shi ne Ciwawa, wanda ya samo suna daga wata jiha a arewacin Meziko, nauyinsa bai cika wuce kilo 3 ba. Sai Pomeraniyan mai yalwar gashi, ɗan yankin Pomeraniya da ke tsakanin Jamus da Polan. Kakanninsa sun fi shi girma nesa ba kusa ba. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta jawo hankali ga ƙananan bayan ta samo ɗaya a Italiya a 1888. Akwai Maltis fari fat, da Yokshaya Teriya da aka samar a arewacin Ingila a ƙarni na 19, da ƙaramin Fudul, da kuma masu dakakkiyar fuska irin su Shitsu da Pag da Pekinis, waɗanda asalinsu Sin ne da Tibet.

Abin da masu talla ke kira “mai girman kofin shayi” ba wani nau'i ba ne na daban. Mafi ƙanƙantar 'ya'ya ake haɗawa da juna don a ƙara tsuke girman, kuma raunin jiki ake ƙarawa tare da farashi.

Matsayinsa a addini da doka

Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya na lada kullum, a wata ruwayar biyu. Ga kuma hadisin cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Bisa haka akasarin malamai ba su yarda da ajiye kare don ado kawai ba. A batun tsarki kuwa an yi saɓani. Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa ke bi, na ganin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bauta ce kawai. Hambaliyya, wadda ta fi ƙarfi a Saudiyya, da Shafi'iyya, sun ɗauke shi najasa. Wannan ne ya sa mai aiki Bahaushe da maigidansa Balarabe kan bambanta a kan ko sai an wanke tufar da yawun kare ya taɓa. Abin da babu saɓani a kai shi ne haƙƙin dabbar da ke hannun mutum: hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne.

Ta fuskar hukuma an sha sauyi. A watan Yulin 2008 an hana sayar da karnuka da maguna da yawo da su a Riyad, aka ɗora wa Hai'a, wato hukumar Hisba ta ƙasar, aiwatarwa. Shekara 12 bayan haka, a 2020, aka buɗe gidan gahawa na masu karnuka a Khobar mai suna The Barking Lot. Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma ce ke da alhakin izinin shigo da dabbobi da fitar da su. Duk da haka, ba kowane mai gidan haya ne ke yarda da kare ba, maƙwabta ma haka.

Ciyarwa

Nan ne ran kwikwiyon yake. Ba a raba shi da uwarsa kafin mako 8, kuma a irin waɗannan ƙananan, masu kiwo na ƙwarai sukan jira har mako 10 zuwa 12. Hantarsa ƙarama ce, ba ta tara sukari mai yawa, kitsen jikinsa kaɗan ne, ga shi yana ƙone abinci da sauri. Idan ya daɗe bai ci ba sai sukarin jininsa ya faɗi. Alamun ba sa ɓuya: ya yi laushi, ya riƙa tangaɗi kamar mai maye, jiki na ɓari, dasashi ya yi fari, idan aka yi sake ya shiga farfaɗiya ya sume. Taimakon farko shi ne a lakato zuma da yatsa a goga masa a dasashi, a lulluɓe shi, a nufi likitan dabbobi. Ba a ɗura masa ruwa yana sume, don zai wuce huhu. Idan ya farfaɗo sai a ba shi abinci na sosai, zumar tayar da komaɗa ce kawai.

Saboda haka kafin ya kai wata huɗu ana ciyar da shi sau huɗu ko biyar a rana, kaɗan-kaɗan. Daga nan a koma sau uku, a wajen wata shida zuwa sama sau biyu ko uku. Abincin da aka yi don 'yan kwikwiyon ƙananan nau'i shi ya fi, domin ƙwayoyinsa ƙanana ne daidai bakinsa. Ana iya jiƙa shi da ruwan ɗumi. Canjin abinci a hankali ake yi, cikin mako guda, ana gauraya sabo da tsoho.

Watan azumi na da nasa tarkon. A Saudiyya dare kan koma rana a Ramadan, gida ya kwanta bayan asuba, ba mai motsi sai azahar ta gota. Kwikwiyo ɗan wata biyu da ya ci rabonsa lokacin sahur ba zai kai ba. Shi bai ɗauki azumi ba, dole a samu mai tashi da hantsi ya zuba masa, ko a bar masa busasshen abinci da ruwa kusa.

Ragowar tire kuwa, abin da mai tausayi ke fara miƙawa, shi ne mafi haɗari. Kabsa, dafa-dukar shinkafa da nama ta Saudiyya, na da albasa, sau da yawa da zabibi a kai. Albasa da tafarnuwa na farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, inabi da zabibi kuma na iya kashe ƙoda. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji. Ƙwallon dabino, wanda ba ya rabuwa da kowane falo a ƙasar, yana iya toshe hanjin dabbar da ba ta kai kilo biyu ba. Cakulan da gahawa da shayi guba ne gare shi, haka cingam marar sukari mai sinadarin zailitol. Madarar shanu kan sa shi gudawa. Maganin mutane irin farasitamol da ibufurofen ba a ba shi. Lissafin guba da nauyin jiki yake tafiya, don haka ɓallin cakulan da babban kare zai ci ya kwana lafiya, shi sai ya kwantar da Ciwawa.

Zafi da sanyi

Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai. Ba ya gumi sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafa, da haki yake sanyaya kansa. A Riyad zafin Yuli da Agusta kan haura digiri 43, a Jidda kuma, inda aka taɓa auna 52 a Yunin 2010, laimar teku ke hana hakin yin aiki. Ƙaramin kare yana dab da ƙasa, hucin kwalta na dukan cikinsa kai tsaye. Gwajin da aka saba shi ne mutum ya ɗora bayan hannunsa a kwalta ya ƙirga bakwai. Idan bai jure ba, tafin kare ma ba zai jure ba. Lokacin fita shi ne bayan asuba ko bayan isha'i. Ba a barin sa a mota ko a saman bene. Masu dakakkiyar fuska sun fi shiga uku, don hanyar numfashinsu a matse take tun haihuwa.

Idan zafi ya buge shi, za a ga haki marar tsayawa, dalala, harshe ja wur, amai. A kai shi inuwa, a zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, a sa shi gaban fanka, sannan asibiti. Aske Pomeraniyan ƙwal don a rage masa zafi kuskure ne: gashin nasa hawa biyu ne, yana kare fata daga rana, kuma wani lokaci ba ya komawa yadda yake.

Abin mamaki, sanyi ma na cutar da shi a ƙasar zafi. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki dare da rana, tayil ya yi sanyi ƙalau, shi kuma a ƙasa yake kwana. Shimfiɗa mai kauri nesa da bakin iska ta wadatar.

Riga-kafi

Ana fara maganin tsutsar ciki tun yana mako biyu, a maimaita duk mako biyu har ya kai takwas. Allurar farko a mako 6 zuwa 8 ake yi, a riƙa ƙarawa duk mako uku ko huɗu har mako 16. Tana kare shi daga cututtukan karnuka da ake kira farbo da distamfa, da kuma ciwon hanta. Ta haukan kare daga mako 12 ne. Farbo, mai zuwa da amai da gudawar jini, ƙwayarsa kan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba, don haka ba a sauke kwikwiyo inda karnukan titi ke bi sai allurarsa ta cika. Kaska na sa masa cutar jini, amma maganinta da awon nauyi ake ba shi, kuma na tumaki da raƙuma ba nasa ba ne. Mai saye ya nemi katin allura mai hatimin asibiti. Fatar baki ba ta isa ba.

Raunin jiki da horo

Ƙasusuwan ƙafarsa na gaba sirara ne, tsalle daga kujera ko suɓucewa daga hannun yaro ya isa ya karya su. A falon zaman ƙasa, inda ake zama kan katifu, an fi jin tsoron a zauna masa ko a danne shi da matashi. Maƙogwaronsa kan lotsa, ya riƙa tari mai ƙara kamar kukan dinya, shi ya sa ake ɗaura igiya a ɗamarar ƙirji maimakon wuya. Gocewar ƙoƙon gwiwa ta zama ruwan dare a cikinsu. Ciwawa da yawa maɗigarsu ba ta rufewa, sai a kiyaye kai. Haƙoran nono 28 ne, na girma 42, duk a ɗan ƙaramin baki. Na nonon kan ƙi faɗuwa sai likita ya cire, kuma goge baki da man karnuka ya kamata a saba masa tun yana ƙarami.

Mafitsararsa ba ta riƙo. Ana kai shi wurin da aka ware da ya farka, da ya ci, da ya gama wasa, a yaba masa nan take idan ya yi daidai. Duka ba ya koya masa komai sai ɓuya bayan labule. Kafin mako 14 ne ya fi saurin sabo da mutane da ƙarar gida. Wanda aka yi ta goyo a hannu ba a bar shi ya taka ƙasa ba, shi ke tashi da yawan haushi da cizo.

Waɗannan karnuka kan yi shekara 12 zuwa 16, abin da ya zarce zaman baƙi da yawa a ƙasar. Fita da kare daga Saudiyya na buƙatar ɗan guntun na'urar shaida da ake sa masa a ƙarƙashin fata, da shaidar allurar haukan kare, da takardar lafiya, da izinin ƙasar da za a kai shi. Kamfanonin jirage da dama kuma ba sa ɗaukar masu dakakkiyar fuska a ɗakin kaya, musamman da bazara.