Waiwaye: Daga ƙwaƙwalen tumaki zuwa kwalbar bakteriya

Kafin 1977, mai son nazarin wani sinadarin ƙwaƙwalwa galibi sai ya nemo ƙwaƙwalwar kanta, kuma ba ɗaya ba, ba goma ba. Roger Guillemin da abokan aikinsa a cibiyar Salk ta Amurka sai da suka bi ta kan ƙwaƙwalen tumaki wajen 500,000 kafin su tara miligiram 5 na somatostatin, ɗan ƙaramin furotin mai amino asid (tubalan da ke gina furotin) 14 da ke taka wa sinadarin girman jiki birki. Ko kan cokali bai rufe ba.

A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer suka nuna ana iya yanko guntun DNA a dasa wa bakteriyar E. coli. Bayan shekara huɗu, Keiichi Itakura da Arthur Riggs, tare da Boyer da kamfanin Genentech, suka gwada sa ta ta ƙera somatostatin. Gwajin farko ya tashi a tutar babu, domin bakteriyar na ƙera shi tana cinye abinta. Sai suka goya shi a bayan wani babban furotin nata, daga baya suka yanke shi da sinadari. Insulin na 1978 ne ya kwashe suna, amma furotin ɗan Adam na farko da ya fito daga cikin bakteriya na ƙwaƙwalwa ne.

Shekarar 1985 ta nuna ba maganar araha kaɗai ake ba. A lokacin, sinadarin girma da ake yi wa yara allura daga gawarwaki ake tatso shi, daga wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Aka gano wasu da aka yi wa allurar sun kamu da cutar ƙwaƙwalwa ta Creutzfeldt-Jakob, wadda ba ta da magani. Aka dakatar, kuma kafin shekarar ta fita Amurka ta amince da wanda bakteriya ta ƙera.

Yadda ake aikin a yau ya samo asali ne daga ƙarshen shekarun 1980, musamman dabarar T7 ta William Studier, mai sa bakteriya ta ƙera furotin da yawa, da kuma wutsiyar histidin (wani amino asid) guda shida da ake maƙala wa furotin. Ana kaɗa bakteriya a romo mai ɗumin digiri 37 har ruwan ya yi gurɓi, a ɗiga sinadarin IPTG, wanda shi ne ke ce mata ta fara aiki. Bayan wasu awanni a juya ta a inji, ta kwanta a gindin kwalba kamar laka. A fasa ta, a tsiyaye ruwan ta kan wasu 'yan duwatsu masu nikel: wutsiyar nan ta kama, tarkace ya wuce. A takarda ke nan. A zahiri, sau da yawa furotin kan dunƙule a cikin bakteriyar, sai an narkar da shi da yuriya an lallaɓa shi ya koma siffarsa, wani lokacin kuma ya ƙi.

Abin dariya, biyu daga cikin furotin ɗin ƙwaƙwalwa mafi hatsari su ne mafi sauƙin tacewa. Alfa-sinuklin, mai amino asid 140, wanda aka alaƙanta da cutar Parkinson a 1997, da tau na cutar Alzheimer, ba su da tsayayyiyar siffar da zafi zai rusa. Tafasa ruwan kawai ake yi: furotin ɗin bakteriya su daskare kamar farin ƙwai, su kuwa su saura a narke.

Inda gizo ke saƙar shi ne bakteriya ba ta yi wa furotin adon da ƙwaƙwalwa ke yi masa. Tau na majinyaci cike yake da fosfet; na kwalba tsirara yake fitowa. Shekaru masu yawa ana zuba masa hefarin, maganin hana jini daskarewa, don ya murɗe ya zama zare kamar yadda yake yi a ƙwaƙwalwar majinyaci, ana gwada magunguna a kansa da zaton shi ne na cutar. A 2017 masana a Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin Michel Goedert da Sjors Scheres, suka ga ainihin siffar zaren da aka ciro daga ƙwaƙwalwar majinyaciya. A 2019 suka duba na hefarin, ashe murɗinsa daban ne. A ganina wannan ya isa sa mutum ya sake karanta sakamakon baya da ido biyu. Sai a 2022 ɗakin gwajin nan ya samu zaren da ya yi daidai da na Alzheimer daga tau na bakteriya, bayan sun gutsure shi ta kai da wutsiya, sun yi ta sauya gishiri da yanayin girgiza kwalba.